Asusun gwamnati na ayyukan da al'umma ke zaɓa da kanta: a hannun wa kuɗin za su sauka?

Ba'adare, Tahoua:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka yi aiki da ƙananan hukumomi ko da ƙungiyoyin ƙauye. Tun daga shekarar 2003, lokacin da aka fara shirin ayyukan al'umma na PAC da tallafin Bankin Duniya, muke jin cewa jama'a ne za su zaɓi aikin da za a yi musu, kuma gaskiya an samu azuzuwa da rijiyoyi da bankunan cimaka ta wannan hanya. Sai dai kowane furoje yana da ranar rufewa, kuma da zarar mai ba da kuɗi ya tattara kayansa, kwamitocin da aka kafa sukan watse. Idan gwamnatin Nijar za ta ware asusu na dindindin daga kasafin kuɗinta domin irin waɗannan ayyuka da rage talauci, yaya ya kamata a tsara shi? Kuɗin su sauka a ma'aikatar magajin gari ne, ko su zarce kai tsaye zuwa kwamitin ƙauye? Da wane ma'auni za a raba tsakanin gari mai kasuwa da iyaka kamar Konni da ƙauyen da ke kan duwatsun Bouza? Kuma ko ya dace a ce sai jama'a sun fara kawo nasu kaso?

Tsohon sakataren ƙaramar hukuma:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba daga fili za a fara ba, domin a shekarar 2008 doka ta kafa ANFICT, hukumar samar wa ƙananan hukumomi kuɗi, aka damƙa mata asusun tallafa wa ƙananan hukumomi da asusun daidaita masu hali da marasa hali, sannan a 2017 aka ƙara asusun FISAN a fannin noma da cimaka. Saboda haka ni ban damu da sabon suna ko sabon ofis a Yamai ba. Abin da nake so a rubuta a cikin doka abu biyu ne: nawa ne kowace ƙaramar hukuma za ta samu, kuma a wane wata.

Maganar wata ita ce wadda mai tsara takarda a ofis ba ya gani. A ƙasar Adar ana gina rijiya ne a tsakiyar rani, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ruwa ya yi ƙasa iyakar yinsa. A inda na yi aiki, kuɗin wata rijiya sun taɓa isowa bayan ruwan sama ya sauka, ga kuma sharaɗin a kashe su kafin ƙarshen shekara. Ɗan kwangila ya haƙa cikin damana, ya cimma ruwa da wuri, aka jera kwalbatoci, aka sa hannu a takardar karɓar aiki, kowa yana murna. Watan Afrilu na zagayowa mata suka riƙa jefa guga suna jawo laka. Babu wanda ya saci ko dala, amma kuɗin sun salwanta. Ban da haka, a damana ƙoramu suna yanke hanya, motar siminti ba ta wucewa, magidanta kuma suna gona. Don haka nake ganin a ƙayyade wa asusun kaso tabbatacce daga kuɗin shigar ƙasa, a biya kashin farko kafin Janairu ya fita, kuma a yarda abin da ya rage ya tsallaka zuwa shekara mai zuwa ba tare da an mayar da shi baitulmali ba.

Game da inda kuɗin za su sauka, ra'ayina shi ne ƙaramar hukuma. Ita ce doka ta sani, tana da ma'aji, ana iya binciken littattafanta, kuma tana da tsarin raya ƙasa na shekara 5 da ake shigar da kowane aiki a ciki. Kwamitin ƙauye kuwa, idan kuɗi suka ɓace a hannunsa, mutanen gari ba za su kai ƙarar ƙanin mai gari ba. Amma zaɓen aikin na ƙauye ne, kuma wannan ya ƙara nauyi tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa masu riƙo: ya kamata takardar taron ƙauye, mai ɗauke da sa hannun mahalarta, ta zama sharaɗin fitar da kuɗi, yadda babu mai iya sauya aikin daga kan kujerarsa.

Shugabar ƙungiyar mata, Keita:

Baba sakatare, Allah ya saka da alheri, na yarda da maganar lokaci ɗari bisa ɗari. Inda nake da ja shi ne wannan taron ƙauye da kake dogara da shi, domin sai an tambaya su wa ke zaune a cikinsa. Lokacin da aka fara furojen raya karkara na Keita a 1984 da kuɗin Italiya, mata ne suka fi yawa a aikin gandari, su suka ɗauki duwatsu a ka suka jera a kan tuddai, saboda maza sun tafi biɗa. Har yau haka rani yake a ƙauyukanmu. Amma idan aka kira taro a ƙofar mai gari, dattawa ne a gaba, mata suna can baya a kan tabarma ɗaya, kuma wadda ta yini a bakin rijiya ba za ta ɗaga murya a gaban surukinta ta ce famfo take so ba. Ina roƙon a rubuta cewa mata za su yi nasu zama daban, su fitar da aiki guda, kuma wannan aiki ba zai faɗi ba sai da hujjar da aka karanta a bainar jama'a.

Ban kuma yarda cewa ƙauye ba ya iya riƙe kuɗi ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maradi a 1991, suna tafiya ne da akwati mai kwado uku, kowane mabuɗi a hannun mace daban, a ƙidaya kuɗi da ƙarfi kowa yana ji. Manyan ayyuka kamar gini su bi ta ƙaramar hukuma, na amince. Amma ƙananan abubuwa irin su injin niƙa, dusar dabbobi ko jarin bankin cimaka, a bar su a hannun ƙungiyar da ta riga ta nuna littafinta.

Batun kaso kuma, idan aka ce tsabar kuɗi ne, ƙauyen da ke da 'ya'ya a Abijan shi zai riƙa cin aiki kowace shekara, wanda aka yi asusun dominsa ya koma ɗan kallo. A karɓi yashi da tsakuwa da ruwa da ƙarfin jiki. Sannan kada a haɗa wannan da tallafin iyalai, irin jika goma a wata na tsawon shekara 2 da aka fara bayarwa a shirin da aka buɗe a 2011, domin gina aji ba ya sa hatsi a rumbun gwauruwa mai marayu. Kowanne a ba shi nasa ƙofa da nasa lissafi.

Ɗan makiyayi, Abalak:

Iyayena, ku tuna da arewa idan kun zo kan ma'auni. Idan yawan jama'a kaɗai aka duba, Abalak da Tchintabaraden da Tillia za su samu kaɗan, alhali ruwanmu yana da zurfi, tazara tana da yawa, kuma kai buhun siminti rugga ya fi tsada nesa. A sa faɗin ƙasa da zurfin talauci a cikin lissafin. Taron zaɓen aiki kuma a yi shi lokacin da makiyaya ke kusa da tafkuna, ba bayan sun watse ba. Kada kuma a haƙa rijiyar dabbobi sai hukumar filaye da dokar karkara ta 1993 ta tanada ta zauna da kowane ɓangare, domin rijiyar da aka sa a kan burtali ko a makiyayar wasu rigima take haifarwa.

Ɗaliba a jami'a, Yamai:

Hajiya, abin da kika nema an yi shi a Indonesiya. A shirin da suka fara a 1998, ƙauye yana iya gabatar da ayyuka biyu, ɗaya daga taron mata, kuma ana liƙa lissafin kuɗi a allo a fili. Daga 2015 suka mayar da shi asusun ƙauyuka da ke fita daga kasafin ƙasa kowace shekara. A wurinmu, tunda da yawa ba sa karatun boko, allo kaɗai ba zai isa ba. A karanta lissafin da Hausa da Tamajak da Fulatanci a rediyon gari da kuma ranar kasuwa.

Abin da ban ji an taɓo ba shi ne rayuwar aikin bayan an buɗe shi. Shirin musamman na tsohon shugaban ƙasa Tandja, wanda aka fara a 2001 da kuɗin yafe bashi, ya gina azuzuwa da ɗakunan shan magani masu yawa a karkara, amma wasu ɗakunan sun daɗe ba ma'aikaci ba magani. Ina ganin kada asusun ya amince da gina aji sai ma'aikatar ilimi ta sa hannu cewa za ta turo malami, haka ma ɗakin magani. Sannan a cikin kuɗin kowane famfo a cire kason gyara tun ranar farko, a ajiye shi da sunan kwamitin ruwa, a kuma horar da makaniki guda a yankin wanda ya san inda ake sayen kayan gyara a Tahoua ko Konni.