Ƙarancin jini na sa tsoho kasala?

Maman Walid, Kurna:
Salam jama'a, don Allah ku taimaka. Babana ya haura 70, da can da ƙafa yake zuwa kasuwar Kwari amma yanzu ko tashi daga kan darduma sai ya dafa bango, buta ma hannu na rawa yake ɗauka. Mun kai shi asibiti an ce jininsa ya yi ƙasa, to wai meye haɗin jini da ƙarfin jiki? Ni na ɗauka tsufa ne kawai.

Nas Ɗan Fagge:
Wa alaikis salam Hajiya, akwai haɗi sosai. Jini ne ke kai iskar oksijin cikin tsoka, in himogulobin ɗin namiji, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, ya gaza 13 a gwajin jini tsokar ba ta samun isasshe, sai kasala da haki, daga nan ya rage motsi tsokar ta ƙara zubewa, shi ne kike ji tsoho ya faɗi a banɗaki. Amma kar ku tsaya kan maganin ƙarin jini, a binciko ina jinin ke tafiya. Yana shan maganin ciwon gwiwa irin diclofenac? Yana iya sa gyambon ciki mai zubar da jini, ki tambaye shi ko bayan gidansa ya yi baƙi. A duba ƙoda ma.

Hajiya Babba:
Allah ya ba shi lafiya 'yata. A riƙa ba shi hanta, kwaɗon zogale, wake. Shayi kuma kar ya sha kan abinci.

Maman Walid:
Wallahi Nas, kullum sai ya aika kemis an siyo masa maganin gwiwar nan, gobe za mu koma wajen likita.