Gudun gara, an faɗa gidan zago: zargi ne ko tausayi?

Ɗan Auta: Salamu alaikum. Jiya musu ya kaure tsakanina da Yayana a kan Edward Snowden, wanda ya tona asirin leƙen wayoyin jama'a da hukumar tsaron ƙasa ta Amurka, NSA, ke yi a 2013. Na ce jarumi ne. Yaya ya ce, "Wane jarumi? Gudun gara ya yi, ya faɗa gidan zago." Wai mai ƙin leƙen asiri me ya kai shi Rasha? Abin ya tsaya mini a rai. Karin maganar nan zargin mutum take yi ko tausaya masa?

Baban Yara: Zargi ce, ɗana. Wanda bai duba gabansa ba ake gaya wa ita. Kuma ruwa ba ya tsami banza. Daga Hawaii sai Hong Kong, daga can sai Mosko, a 2022 har Putin ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Biri fa ya yi kama da mutum.

Malama: Baba, a yi mini afuwa, an tsallake wani wuri. Amurka ce ta soke fasfonsa, ya maƙale a filin jirgin Sheremetyevo na Mosko fiye da wata guda, alhali Ekwado ya nufa. A Yulin shekarar har jirgin shugaban Bolibiya, Evo Morales, sai da aka tilasta wa sauka a Ostiriya don ana zaton yana ciki. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Baban Yara: Ai Daniel Ellsberg da ya fitar da takardun yaƙin Biyetnam a 1971 bai gudu ba, kotu ya tsaya.

Malama: Chelsea Manning kuma, sojar Amurka da ta fitar da takardun sirri, ɗaurin shekara 35 aka yanke mata, sai a 2017 Obama ya sassauta. Wa zai ga haka ya miƙa wuya?

Jikar Hajiya: Kun tuna mini da kakata, Allah Ya jiƙanta. Ba ta yarda a faɗi wannan karin magana a gabanta. Tana amarya, akwai wata facalarta da ta gano babban wan mazajensu yana sayar da gonar marayu a ɓoye. Ta faɗa a gaban dangi. Daren nan aka watso mata kayanta waje, da goyo a bayanta. Ta buga ƙofa uku, kowa ya yi kamar barci yake. Ƙofa ta huɗu da ta buɗe, ta mutumin da suka shekara goma suna shari'a da gidan ce. Gari na wayewa ba mai zancen gona, sai "kun ji inda ta kwana?" Har cewa aka yi dama shi ya turo ta. Hajiya ta ce ita ma tana jin bugun ƙofar, tsoro ya hana ta tashi. Har ta tsufa in ta zo nan a labarin sai ta share hawaye.

Ɗan Auta: Allahu akbar. Marayun fa, Yaya?

Jikar Hajiya: Rabin gonar ya dawo musu. Ita kuwa a gidan can ta ƙare rayuwarta, kuma ta ga abin da ya fi na farko muni, ba ta ƙara buɗe baki ba. Hajiya takan ce bakin da ake ciyarwa nauyi gare shi.

Baban Yara: To kin ga, kin zo inda nake. Zagon kenan.

Malama: Amma rabin gona ya dawo, Baba. Can Amurka ma a 2015 an yi dokar da ta taƙaita tattara bayanan kiran waya, a 2020 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa doka. Ko da wata manufa Snowden ya yi, abin da ya faɗa ƙarya ne?

Mai Rediyo: Ku bar bawan Allah. Wasu 'yan siyasa da an ce za a binciki asusunsu sai ciwon baya ya tashi, sai asibitin waje. Su gara suke gudu ko su ne garar?

Jikar Hajiya: Su ne zagon ma, Malam, har ginshiƙin ɗaki sun cinye!

Tsohon Ɗalibi: Ni a wajen mahaifina "an tarar da zago" na ji, ba "an faɗa gidan zago" ba. Tararwa ƙaddara ce, faɗawa kuwa da ganganci a ciki.

Baban Yara: Wanda ya faɗa rijiya ma ai ba da niyya ya faɗa ba.

Ɗan Auta: Yanzu Baba ka koma ɓangaren Malama kenan? Yaya Jikar Hajiya, shi goyon da aka kore ta da shi, ya girma ya koma gidan ubansa?