Abin da aka tattauna kan wanke faifan birki

Jama'a, zance ya yi tsawo kan abin da ya dace a wanke faifan birkin keke ko moto da shi, ga abin da na tsinto:

1. Kowa ya yarda: kada mai ya taɓa faifan. Gazwal, kananzir, WD-40 (man feshi na cire tsatsa), duk a'a. Takalmin birki in ya sha mai, sai kuka ba kamu, sai dai canji.

2. Ga keke, galibi sun ce alkol na farmasi da tsumma mai tsabta. Ya bushe nan take.

3. Inda aka rabu: feshin gwangwani na wanke birki. Masu moto na yabonsa, ƴan keke na cewa wani irinsa yana cin fenti da roba.

Wasu kuma sun ce in dai ƙurar Maradi ce ta lokacin hunturu, ruwa da sabulu ma sun isa, a ɗauraye sosai. Ni dai nan na karkata.