Auna bakiyum a gwangwanin abinci: abin da ma'aikatan duba inganci suka tattauna

Bakiyum shi ne yadda matsin iskar da ke cikin gwangwani ya gaza na waje. A tattaunawar an fi tsayawa a kan geji mai allura, wato ma'aunin da ake huda murfi da shi don auna bakiyum. Sai gwangwani ya huce tukuna, wajen digiri 20 zuwa 25 na Celsius, domin zafi yana rage abin da geji zai nuna. A jiƙa robar da ke kewaye da allurar don ta manne, sannan a huda murfin kusa da gefe. Idan aka huda tsakiya, murfin yana lotsawa ya matse sararin da ke sama da abincin, adadin ya sauka.

Wani abin da mutane da dama ke mantawa shi ne iskar da ke cikin bututun gejin kanta tana shiga gwangwanin, don haka geji kullum yana nuna ƙasa da gaskiya, musamman idan sararin kaɗan ne. Abincin da ya toshe allura ma yana ɓata awo.

Bakiyum na yawancin kayan gwangwani yana tsakanin inci 10 zuwa 20 na zaiba, wato ma'aunin matsi da geji ke nunawa. Tsayin wuri yana da tasiri: ana rasa kusan inci 1 a kowace mita 300, don haka gwangwanin da aka rufe a Legas zai nuna ragin kusan inci 4 idan aka auna shi a Jos.

Idan bakiyum ya yi ƙasa, a fara duba zafin abinci lokacin cikawa, da cikawar da ta wuce kima, sannan a yanka naɗin bakin murfi a auna shi. Tunda hudawa tana lalata gwangwani, a layin aiki na'urar da ke auna lotsawar murfi ce ke duba kowane gwangwani, geji kuma na samfur ne.