Jama'a me za mu kira "maskot" da Hausa?

Salam 'yan uwa. Jiya da daddare a Samaru ƙanina yana nuna wa Baba wani tsohon bidiyo na 2019, wani sa na Jami'ar Texas mai suna Bevo, ƙahonsa kamar na rahajin Bororo, ya fizge ya yi kan karen Jami'ar Jojiya ana gab da fara wasa, 'yan jarida kowa ya yi ta kansa. Baba ya ce to shi wannan san me ya kawo shi filin ƙwallo, na yanka ne? Na buɗe baki zan yi bayani na rasa kalma wallahi, sai na ce "maskot ɗinsu ne Baba", ya kalle ni kawai.

Ga wanda bai sani ba, jami'o'in Amurka kusan kowace ƙungiyar wasa tana da abin da ake mata kirari da shi kuma ana kawo shi fili. Texas tun 1916 suke da sa, in ya tsufa ko ya mutu a kawo wani a ba shi sunan. Ta jihar Luwiziyana tun 1936 damisa ce mai rai suke kiwo a cikin makaranta, Yale kuma kare. Wasu mutum ne ke shiga cikin riga mai ƙaton kai yana tsalle-tsalle yana zuga 'yan kallo.

Amsoshin da na samu zuwa yanzu:

Mutum biyar sun ce tambari. A'a gaskiya. Tambari shi ne wanda ke kan satifiket ɗin ABU da rigar 'yan wasanmu in za su gasar wasannin jami'o'i ta NUGA, ba ya numfashi ba ya rawa, Bevo kuwa sai an ba shi dusa.

Wani malami daga harabar ABU ta Kongo ya ce laya, wai asalin kalmar daga Faransanci take kuma ma'anarta abin kawo sa'a. Malam na yarda da tarihin, amma ka ce wa mutumin Zazzau jami'a ta shigo da layarta fili ka ga abin da zai fahimta.

Wadda ta fi burge ni ita ce ta wata Hajiya da ta ce kan gida, dabbar nan da zuri'a ke ɗauka tata a zamanin maguzanci, ba sa kashewa ba sa ci. Ma'anar ta zauna daram, har na kusa cewa an gama, sai dai kalmar tana ɗauke da tsafi a bayanta kuma yaran yanzu in ka ce kan gida rufin kwano za su duba.

Ni na kawo dabbar kirari, nan take wani ɗan Tudun Wada ya rusa min, ya ce na Jami'ar jihar Ohayo ƙwallon itace ne aka yi wa ido da baki, a Stanford kuma bishiya ce ke rawa a fili, ina dabba a nan? Haka ne kuma. Har ya tuna min Raptors, kulob ɗin da Masai Ujiri ɗan garin nan ya jagoranta suka ci gasar ƙwallon kwando ta NBA a 2019, nasu mutum ne cikin rigar wata halitta da ta ƙare tun kafin a yi mutane.

Shi ya sa na koma dodon kirari. Dodo ya ɗauke mai shiga riga ko ta mece ce, kirari kuma ya cire tsoron ya nuna na zuga ne. Bevo da damisar sai mu ce dodon kirarinsu mai rai ne.

Na gwada wa Baba da safe, ya ce to yanzu ka yi magana, sannan ya tambaya mu ABU wane dodo gare mu. Ɗan Tudun Wada dai har yanzu yana nan kan a bar shi maskot kamar yadda aka bar fenariti.