Wa ya ba ministan shari'ar Amurka ikon naɗa mai gabatar da ƙara na musamman?

Ɗan_Tsangaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana shari'a na gidan nan ku fitar da ni duhu. A watan Yulin 2024 wata alƙaliya a Fulorida mai suna Aileen Cannon ta yi watsi da ƙarar da aka shigar da Trump kan takardun sirrin gwamnati da aka samu a gidansa na Mar-a-Lago, kuma fa ba cewa ta yi ya aikata ko bai aikata ba, a'a cewa ta yi shi mai ƙarar wato Jack Smith tun asali ba a naɗa shi bisa doka ba. To abin da ya ɗaure min kai shine ai tun zamanin shugaba Nixon ake naɗa irin mutanen nan, Robert Mueller ma haka aka naɗa shi a 2017 ya yi kusan shekara biyu yana binciken katsalandan ɗin Rasha a zaɓen 2016 har aka ɗaure mutane, ya akai rana tsaka za'a ce babu dokar da ta yarda? Wai ikon naɗin a hannun wa yake ne, shugaban ƙasa ko minista ko majalisa?

Barista_Maijidda:
Wa'alaikumus salam malam. A yau dai ministan shari'a ne ke naɗawa, wato antoni-janar, amma sai ka san tarihin kafin ka gane inda gizo ke saƙar. A 1973 minista Elliot Richardson ne ya naɗa Archibald Cox ya binciki badaƙalar Watergate, wato kutsen da aka yi a ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat zamanin Nixon, da Cox ya matsa sai an bashi kaset-kaset ɗin da Nixon ke naɗar hirarrakin ofishinsa, sai Nixon ya ce a kore shi. Richardson ya ƙi ya ajiye aiki, mataimakinsa Ruckelshaus shima ya ƙi ya tafi, sai na ukunsu Robert Bork ne ya sa hannu, duk a daren Asabar ɗaya, 20 ga Oktoba. Wannan abin ne ya girgiza majalisa ta yi doka a 1978 wadda ta ce alƙalai uku ne za su zaɓi mai binciken idan minista ya nema, kuma ba a korarsa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Kotun Ƙoli ta amince da dokar a 1988 a shari'ar Morrison da Olson, alƙalai 7 suka yarda alƙali Scalia kaɗai ya ƙi.

To sai kowane ɓangare ya ɗanɗana kuɗarsa, 'yan Republican sun sha fama da mai bincike Lawrence Walsh kan badaƙalar sayar wa Iran makamai a asirce ta Iran-Contra shekara da shekaru, 'yan Democrat kuma Ken Starr ya fara da cinikin filaye na Whitewater ya ƙare a maganar Monica Lewinsky har majalisar wakilai ta tuhumi Clinton a 1998. Da wa'adin dokar ya cika a Yunin 1999 ba wanda ya tashi sabunta ta, aka bar ta ta mutu. Tun daga nan abin da ake aiki dashi ƙa'idoji ne na cikin gida da ma'aikatar shari'a ta rubuta wa kanta zamanin minista Janet Reno, ba dokar majalisa ba, sai a haɗa da wasu tsofaffin sassan doka, sashe na 509 da 510 da 515 da 533, masu ba minista damar ɗaukar lauyoyi ya basu aiki. Rigimar kenan.

Abban_Sadiq:
Barista Allah ya ƙara basira, amma ni gaskiya ina ganin Cannon tana da hujja ko da mutum baya ƙaunar Trump. Kundin tsarin mulkinsu ya raba jami'ai gida biyu, manya sai shugaban ƙasa ya gabatar majalisar dattawa ta tantance, ƙanana kuma majalisa na iya yin doka ta ce shugaban ma'aikata ya naɗa su. Toh manyan lauyoyin gwamnatin tarayya 93 da ke gundumomi, kowanne sai ya bi ta majalisar dattawa kafin ya zama na dindindin, amma Jack Smith da ministan lokacin Merrick Garland ya ɗauko daga Hague a Nuwamban 2022, babu sanata ko ɗaya da ya kaɗa masa ƙuri'a, sai gashi yana shigar da ƙara a Washinton yana shigarwa a Fulorida, akan mutumin da a lokacin ke takara da Biden, maigidan wanda ya naɗa shi. Wlh wannan iko ne mai yawa a ce takardar minista ɗaya ce ta haife shi. Kuma akwai hanyar da ba gardama, a 2003 Patrick Fitzgerald aka ba binciken tona asirin wata jami'ar hukumar leƙen asiri ta CIA alhali yana kan kujerarsa ta Chicago da majalisa ta riga ta tantance shi, David Weiss mai binciken Hunter Biden ma haka.

Barista_Maijidda:
Abban Sadiq ban raina maganarka ba ko kaɗan, alƙalin Kotun Ƙoli Clarence Thomas ma ya tado ta a ra'ayinsa na daban a wata shari'ar Trump sati biyu kafin hukuncin Cannon, saidai ka lura babu wani alƙalin Kotun Ƙoli da ya sa hannu tare dashi. Kuma a shari'ar kaset ɗin Nixon ta 1974 kotun da bakinta ta ambaci waɗancan sassan ta ce sun ba minista ikon naɗa na ƙasa dashi, Cannon ce ta ce wannan magana ce a gefe ba ainihin hukuncin ba, ita kuwa kotun ɗaukaka ƙara ta Washinton da aka ƙalubalanci Mueller a 2019 cewa ta yi hukunci ne dole a bi. Sannan mai binciken ba sakakke bane kamar yadda kake gani, minista na iya taka masa birki idan ya ga matakin da zai ɗauka ya kauce hanya sosai, sai dai dole ya sanar da majalisa, yana iya korarsa da dalili, kai ƙa'idojin ma gaba ɗaya yana iya soke su. Shi yasa ake lissafa shi cikin ƙanana.

Malam_Na_Gefe:
Ni kuma wannan na ƙarshen ne yake damuna ranki ya daɗe, ba na Cannon ba. Idan ministan da shugaban ƙasa ya naɗa kuma zai iya sauke shi ko yaushe shine mai naɗa wanda zai binciki shugaban, shine mai korarsa, shine mai karɓar rahoton a asirce ya yanke abin da jama'a za su gani kamar yadda minista Barr ya fara fitar da taƙaitawa mai shafi 4 a Maris 2019 kafin rahoton Mueller ya fito, to ina 'yancin? An koma gidan jiya na 1973 kenan, abin da ya kare binciken Watergate ba doka bace, mutum biyu ne suka zaɓi rasa kujera sai kuma jama'a da suka yi ca har aka naɗa Jaworski ya gaji Cox. A ganina majalisa ce ta gudu daga aikinta, a 1924 lokacin badaƙalar cin hanci kan filayen mai ta Teapot Dome ai ita ta yi ƙuduri, shugaba Coolidge ya gabatar da Owen Roberts da Atlee Pomerene, dattawa suka tantance su, ba wanda ya iya cewa basu da hurumi.

Ɗan_Tsangaya:
Nagode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Barista tambaya ta ƙarshe, yanzu hukuncin Cannon ɗin ya zama doka kenan a duk ƙasar?

Barista_Maijidda:
A'a malam, hukuncin kotun matakin farko ne baya ɗaure sauran kotuna. Smith ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun yanki na 11, amma da Trump ya ci zaɓe a Nuwamban 2024 sai aka janye saboda tsohuwar manufar ma'aikatar cewa ba a gurfanar da shugaba mai ci, don haka kotun bata kai ga cewa Cannon ta yi daidai ko ta yi kuskure ba. Duk wanda aka sake ɗaukowa daga wajen gwamnati aka naɗa, ka sa ido, takardar farko da lauyoyin wanda ake zargi za su shigar akan naɗin nasa ce.