Iyayenmu mata da suka riƙe unguwa: kowa ya kawo nasa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Inna, mahaifiyata, a nan cikin birnin Kano. Ta haura shekara 80. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar zaman makoki. Wani dattijo mai furfura ya shigo zaure ya durƙusa yana hawaye, kuma duk cikinmu babu wanda ya shaida shi. Ashe almajirinta ne na da can. Ya ce shekara bakwai ƙoƙonsa bai taɓa fita gidanmu ba tuwo ba, kuma lokacin da ƙazuwa ta cinye masa hannu, ita ta riƙa wanke shi da sabulun salo har ya warke. Mu 'ya'yanta ba mu taɓa jin wannan labari daga bakinta ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kafin asuba ka ji turmi. Kuɗin adashinta rabi a gidajen maƙwabta yake ƙarewa, wannan haihuwa, wancan jinya. Duk Juma'a kuma sai ta toya wainar sadaka. Don Allah masu irin wannan uwa, ku ba mu naku.

Daga Damagaram:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ɗan uwa, ka taɓo min tsohon miki. Yunwar 1984, wadda mu a Nijar muke ce wa El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi a lokacin, ina ɗan shekara 9. Damina ta ƙi, rumbu ya zama fayau. Mutanen karkara suka yi ta kwararowa gari da yara a goye. Iya ta sauke jeren ɗakinta, tasoshin da aka kawo ta da su gidan aure, ta riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya tana auno gero tiya-tiya. Sai ta dama kunu tsararo a babbar tukunya, ta haɗa da kwaɗon tafasa, ta fito ƙofar gida da ludayi. Na taɓa yi mata ƙorafi cewa ban ƙoshi ba. Ba ta yi min faɗa ba, nata ta tura min gabana. Sai da na girma na gane ranar da ruwa kawai ta kwana. Har ta koma ga Allah bangon ɗakin nan babu jere.

Daga Zangon Kumasi:
Allah ya gafarta musu. Tamu mai koko da ƙosai ce. A 1969 da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, maƙwabta da dama suka bar mata kayansu ajiya. Akwai akwatin da ya shekara 11 a ƙarƙashin gadonta, ko yaro bai isa ya taɓa ba, har ɗan mai shi ya zo daga Sakkwato ya karɓa da kwaɗonsa a kulle.

Daga Zariya:
Kakata ce ta riƙe ni, ungozoma ce. Tsakar dare a buga ƙofa, ta yafa mayafi ta ɗauki fitila ta fita, ba ta tambayar nawa za a ba ta. Ita ke tsayawa kan wankan jego da kunun kanwa. Abin da nake yaba mata, da ta ga naƙuda ta yi tsawo ba ta yin gardama, ita da kanta take tilasta wa maigida a nemo mota a tafi asibiti.

Daga Kano kuma:
Na gode ƙwarai, Allah ya jiƙan su gaba ɗaya. Ɗan uwa na Damagaram, na karanta wa ƙanwata naka, ta kasa magana. Ta ce in bar mata tandar Inna, ta riga ta jiƙa shinkafar wainar jibi Juma'a.